Matsar da Bel a Ramin Kwal: Aikin da Ba a Rubuta Shi a Takardar Kwangila

Jawabin da wani ɗalibin sashen injiniya ya gabatar a zauren Ƙungiyar Ɗalibai



Sa'ad da aka liƙa sanarwar wannan lacca a ƙofar ɗakin cin abinci, wani abokinmu ya tare mu yana dariya, ya ce ina ruwan mutumin Kafin Dafga da ramin kwal? Wai iyakar ramin da aka sani a ƙasar Karaye da Rogo shi ne rijiya, sai kuwa kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsa. To, bai yi ƙarya ba, amma ya manta da abu guda. Gyaɗar da kakanninmu suka noma, suka ɗora wa jakuna zuwa wurin awo, aka tara ta dala-dala a Kano, ba da ƙafarta ta tafi bakin teku ba. Jirgin ƙasa ne ya ja ta, shi kuwa jirgin wancan zamani kwal yake ci. Dogo ya iso Kano a 1911, kuma da fari daga Ingila ake kawo wa jirgin abincinsa. A 1909 aka gano kwal a Udi, aka soma haƙarsa a 1915, shekara guda bayan haka dogo ya haɗa Inugu da Fatakwal. Da aka gama gadar Makurɗi a kan kogin Binuwai a 1932, sai kwal ɗin Inugu ya riƙa haurowa Arewa ba tare da tsayawa jiran fito ba. Ashe kuwa tun kafin a haifi iyayenmu, gumin manomin Karaye da na mahaƙin Inugu a tarago ɗaya suke tafiya.

Abin da muke so mu yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne a ido, har ma wani zai ce bai isa a tara mutane dominsa ba. Shi ne yadda ake matsar da bel ɗin jigilar kwal a ƙarƙashin ƙasa. Mun zaɓe shi ne domin mun lura cewa a ƙasar nan, in za a sayi inji, wanda ke ƙara da ƙura ake kallo, a manta da aikin da ke binsa a baya.

Duk wanda ya taɓa yin noman rani a bakin madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama a 1992, ya san abin da muke nufi. A hutun da ya wuce mun taya wani kawunmu ban ruwa. Ya sayi sabon inji mai ƙarfi, yana ta yabonsa, kuma lalle inji ya cika alkawari, kafin ka ce kwabo fangali ya cika. Amma da zarar ya cika sai a kashe injin, a kwance mesa, yara uku su saɓa ta a kafaɗa cikin laka, a ja ta zuwa gaba, a sake ɗaurewa da roba, a gyara inda take yoyo, sa'an nan a sake tayar da inji. Da muka zauna da yamma muka lissafa, sai muka ga lokacin da injin ya yi a kashe ya fi wanda ya yi yana aiki. Kawu ya sayi saurin ruwa, bai sayi saurin jan mesa ba. Wannan ita ce matsalar ramin kwal, sai dai can babu rana, babu sarari, kuma dutse ne a bisa kanka.

Bari mu kwatanta abin yadda kowa zai gane. Kowa ya san bel ɗin injin niƙa, wanda ke zagaya fuli biyu. To, a ɗauka an faɗaɗa shi ya kai mita 1, an tsawaita shi ya kai ɗaruruwan mitoci, an shimfiɗa shi a cikin rami bisa rola-rola da ke zaune kan ƙafafun ƙarfe. Rolar sama guda uku-uku ce, an jera su yadda bel zai lotsa kamar kwami domin kada kaya su zube. Ta ƙasa guda ɗaya ce, ita ke riƙe da bel ɗin da ke komowa wayam. Can wajen bakin rami akwai kan bel, inda mota mai aiki da lantarki ke juya shi. Can ciki kuma, kusa da inda ake yankan kwal, akwai wutsiyarsa, inda ake zuba masa kaya.

Ga inda gizo ke saƙar. Wurin da ake yankan kwal ba ya tsayawa waje ɗaya. Kullum gaba yake ci, yana nisa da wutsiyar bel, motocin da ke kai kwal daga goshin aiki zuwa wutsiya kuma tafiyarsu tana ƙara tsawo, har a kai inda wayar lantarkin da suke ja ba za ta isa ba. A nan tilas a tsaya a matsar da wutsiya gaba, a ƙara wa bel tsawo.

Aikin yana tafiya kamar haka. Sai an fara kashe wuta an sa kwaɗo a makunni, domin kada wani ya tayar da bel alhali hannun ɗan'uwansa yana ciki. Sa'an nan a kwashe garin kwal da ya taru a gindin wutsiya da shebur. A sassauta bel, a danne shi da matsi domin kada ya zame, a zare sandar da ta haɗa bakinsa biyu. A cire tokaran da suka kafe wutsiya, a ja ta gaba. Filin da ya buɗe tsakanin tsohon wuri da sabo, shi za a cika da ƙafafun ƙarfe da rola-rola ɗaya bayan ɗaya, kowace a daidaita ta da igiyar awo. A jawo sabon bel a zura shi ta sama da ta ƙasa, a yanke bakinsa a miƙe sarai, a buga masa ƙarafan haɗi, a ɗinke. A sake kafe wutsiya, a ɗame bel, a tayar da shi wayam, wani ya bi shi da fitila yana duban inda yake karkata, yana bugun rola da guduma har ya hau tsakiya. Ba a nan aka gama ba, gama bututun ruwa, da wayar tarho, da igiyar tsayar da bel in an shiga haɗari, da na'urar jin hayaƙi, duka sai an ƙara musu tsawo.

Mu ɗan yi lissafi. In za a ci gaba da mita 60, ana bukatar bel mita 120, tun da akwai na tafiya da na komowa. Mita guda ta irin wannan bel takan kai kilo 15 ko fiye, watau wajen kilo 1,800 ke nan, nauyin buhun masara 18. In ana kafa rolar sama a kowace mita ɗaya da rabi, guda 40 za a ɗauka, kowace kuwa ta isa ta sa ƙato nishi. A tuna kuma cewa shimfiɗar kwal irin ta Inugu kaurinta bai wuce mita 1 zuwa 2 ba, saboda haka a wurare da yawa a sunkuye ko a durƙushe ake ɗaukar wannan kaya, a cikin ruwa da santsi. Ba abin mamaki ba ne da ciwon baya da murɗewar gwiwa da datsewar yatsu suka zama abokan wannan aiki a duk ƙasar da ake yinsa da hannu.

Yanzu ga lissafin da muka fi so a tafi da shi gida. Mu ɗauka ana yankan kwal har zubi 8 na ma'aikata kafin a bukaci matsar da bel, shi kuma matsarwar tana cin zubi 1. Cikin 9 an yi asarar 1, abin da sauƙi. Sai hukuma ta sayo injin yanka mai saurin ninki biyu. Yanzu zubi 4 ake yanka, amma matsarwa tana nan a 1, an koma asarar 1 cikin 5. In aka sayo mai ninki huɗu, zubi 2 ake yanka, 1 ana jan bel, watau injin da aka zuba wa kuɗin talakawa yana barci sulusin rayuwarsa, kuma amfanin da aka samu ninki uku ne, alhali kuɗin ninki huɗu aka biya. Iyakar saurin da ka ƙara wa mai yanka, iyakar nauyin da jan bel zai ƙara yi a kan ma'auni.

Turawa sun sha wannan wahala kafin mu. A Ingila mata da ƙananan yara ne ke jan kwal da rarrafe, da sarƙa ɗaure a ƙugu, har aka yi dokar 1842 da ta hana mata da yaran da ba su kai shekara 10 ba shiga rami. A 1905 wani injiniya mai suna Richard Sutcliffe ya ƙago bel ɗin da zai yi aiki a ƙarƙashin ƙasa. Aka huta da ja, amma aka haifi sabon aiki. A irin haƙar da ake yanke doguwar fuskar kwal gaba ɗaya, sai aka raba yini uku: rukuni guda su yanka, rukuni guda su loda da shebur, wasu kuma su zo su wargaza na'urar jigila ɗungum, su ratsa da ita tsakanin tokaran rufi guntu-guntu, su sake harhaɗa ta kusa da sabuwar fuska. Kullum haka, kamar mai rushe ɗakinsa kowane dare ya sake ginawa taku biyu gaba. In masu matsarwa ba su gama ba, duk wanda ya zo bayansu ya yi zaman banza, ga shi kuwa da yawan abin da aka haƙo ake biya, sai faɗa da zargi tsakanin rukuni da rukuni.

Abin da ya kwance wannan ƙulli daga Jamus ya fito a shekarun 1940. Sun ƙera na'urar jigila ta ƙarfe mai sarƙa, mai gaɓoɓin da ke iya lanƙwasa kamar maciji, wadda ba sai an wargaza ta ba. Jak ne ke tura ta gaba sashe-sashe tana cikin aiki. Bayan haka ne injin yanka na James Anderton, wanda ya fito a 1952, ya sami abin hawa, sa'an nan aka zo da tokaran ƙarfe masu tafiya da kansu. A lura da yadda abin ya jeru. Sai da aka warware matsalar matsar da abin jigila kafin injin yanka ya nuna bajintarsa.

Shi ma bel ɗin roba na cikin hanyoyin rami an yi masa dabaru. Akwai rumbun bel da ake kafawa kusa da kai, inda bel ke kai da komo tsakanin fuli da yawa, a ajiye tsawo mai yawa a ɗan wuri, in an ja wutsiya gaba ya riƙa saki da kansa ba sai an yanke ba. Akwai wutsiya mai ƙafafu da ke tafiya da ƙarfin jak, kamar yadda ake yi a ramukan Ostareliya. Akwai injin naɗe bel da warware shi, da kekunan da ke kawo rola a jere har inda za a kafa su, da dogon da ake ratayawa a rufi domin ɗaukar waya da bututu. Har akwai bel mai bin injin yanka a baya yana shan kwana. Ba mu ce kowanne ya dace da kowane rami ba. Inda ƙasa take da taushi wutsiya mai tafiya nutsewa take yi.

Kada kuma a ɗauka cewa aikin jeri da daidaitawa ado ne. Bel ɗin da aka kafa a karkace yana gogar ƙarfe, guga tana kawo zafi, ga garin kwal a ƙarƙashi. A watan Satumba na 1950, a ramin Creswell na Ingila, bel da ya yage ya maƙale ya kama wuta, hayaƙi ya bi iska ya kashe mutum 80. Wannan ne ya sa aka koma yin bel da abin da ba ya cin wuta da sauƙi. A Janairun 2006 kuma, a ramin Aracoma na Amurka, wuta ta tashi daga bel ɗin da ya karkace a daidai rumbun ajiyar nan da muka yaba yanzu, mutum 2 suka mutu. Inji ya ɗauke wa bayan mutum nauyi, amma bai ɗauke wa idonsa aiki ba.

To, mu dawo gida. Ramukan Inugu ta gefen tudu ake shigarsu, kuma shekaru da yawa diga da shebur ne kayan aiki, wasu na sara, wasu na tura ƙananan taragu a kan dogo. Waɗannan mutane ne aka buɗe wa wuta a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba, 1949, lokacin da suke rigima da hukumar ramin a kan haƙƙinsu, aka kashe 21, aka raunata 51, abin da ya girgiza ƙasar nan ya kuma ƙara wa neman mulkin kai ƙarfi. A 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Nijeriya. Wajen 1958 zuwa 1959 abin da ake haƙowa a shekara ya haura tan 900,000, kuma mafi yawansa ƙarfin damtse ne ya fito da shi. Daga nan sai koma baya: jirgin ƙasa ya koma shan man dizal, madatsar Kainji ta soma ba da wuta a 1968, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa aka bar ramuka ruwa ya cika su.

Da kuɗin mai suka shigo, sai aka ce za a farfaɗo da kwal da injuna na zamani. A ƙarshen shekarun 1970 aka kawo kamfanin KOPEX na ƙasar Folan ya kafa manyan injunan yanke doguwar fuska a ramukan Onyeama da Okpara. Injunan nan sun yi aiki a ƙasarsu. A nan kuwa suka tarar da shimfiɗar kwal mai hawa da sauka da karaya, da rufi da daɓe marasa ƙarfi, da ruwa mai tsami da ke cin ƙarfe, da wutar lantarki mai ɗaukewa ta bar famfo a tsaye. Cikin 'yan shekaru aka yi watsi da su, kuma a farkon shekarun 1980 abin da ake samu ya faɗo ƙasa da tan 100,000. A 1999 hukumar ta rasa ikon kaɗaici da take da shi, wajen 2002 aiki ya tsaya a ramukanta. A ganinmu ba daidai ba ne a jibga wa mutanen Folan laifin duka. Mai sayar da doki ba shi ne zai auna maka faɗin ƙofar gidanka ba.

Wani zai ce, to me ya rage? Ingila ta rufe raminta mai zurfi na ƙarshe a 2015, Jamus ta bi sahu a 2018, duniya tana gudun hayaƙin kwal saboda ɗumamar yanayi. Haka ne, kuma ba mu zo nan domin mu yi wa kwal kirari ba. Amma har yau ana haƙarsa a kusa da mu. Ga Maiganga a Jihar Gombe, inda kamfanin siminti na Ashaka ke ɗiba. Ga Anu Araren a jihar Agadas ta Nijar, inda kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, ke ƙona shi domin ba garuruwan yuraniyom wuta. Waɗannan duka a buɗe ake haƙarsu, a yaye ƙasar sama a kwashe. Amma na sama ƙarewa yake yi, kuma kwal irin na Lafiya da Obi a Jihar Nasarawa, wanda aka yi ta bincike a kansa domin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, yana da zurfi. Ko ma an bar kwal ɗungum, sauran ma'adinai suna nan. A Jihar Kano kanta akwai ramin kuza na Riruwai da aka huda cikin dutse, aka rufe shi a shekarun 1980. Duk ranar da aka sake shiga ƙarƙashin ƙasa, da bel za a fito da kaya, kuma sai an matsar da shi.

Akwai wata magana da muka san tana ran wasu 'yan'uwa a zauren nan, musamman na sashen tattalin arziki. Za su ce ƙasar da samari suka yi yawa babu aiki, me zai sa a sayo injin jan bel? A bar wa leburori su ci abinci. Maganar tana da nauyi, kuma mu da muka ga ƙannenmu suna tafiya cin rani ba za mu raina ta ba. Sai dai mu tuna da mutanen Arewa da aka kwasa da ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, suna ɗaukar ƙasa a kwano bisa ka cikin sanyi. Arahar ɗan Adam ce ta sa ba a damu da kawo wani abin ɗauka ba. In har za a zaɓi aikin da inji zai karɓa da farko, to, a fara da wanda ke karya baya a shekara talatin da haihuwa. Ramin da injinsa ke barci sulusin lokaci kuwa ba ya daɗewa a buɗe, in ya rufe da lebura da injiniya duk gida za su koma, kamar yadda aka gani a Inugu. Bugu da ƙari, ƙafafun ƙarfe da rola da keken ɗaukarsu ba su fi ƙarfin maƙeran Kano da masu walda na Panteka a Kaduna ba, in an ba su awo da ƙarfe mai kyau. Wannan ma aiki ne, kuma kuɗinsa a gida zai tsaya.

Yayyenmu ma'aikata, ku ne fayil zai biyo ta teburinku, mu ma nan da 'yan shekaru in Allah ya kai mu. Ɗan kwangila zai zo da hoton injin yanka mai ƙyalli, da takardar da ke cewa yana fitar da tan kaza a sa'a guda. Muna roƙo kafin a sa hannu a juya shafi, a tambaye shi sa'a nawa injin zai yi a tsaye kowane mako ana ƙara wa bel tsawo, da mutum nawa, kuma ta wace hanya rola da bel za su isa wurin. A tambaye shi ko ya taka daɓen ramin da ƙafarsa, ko an auna tsamin ruwan, da kuma inda za a sami ƙarafan haɗi in na cikin akwati sun ƙare. In ya ce wannan ƙaramin abu ne za a duba daga baya, a mayar masa da fayil ɗinsa.

Ga Ƙungiyarmu kuma muna da shawara guda. A nemi izinin hukumar jami'a a shirya mana ziyara a zangon karatu mai zuwa zuwa wata masana'antar siminti ko wurin fasa dutse da ke aiki da bel. Kowa ya tafi da agogo da littafi, mu tsaya mu ga yadda ake ɗinke bel da daidaita shi, mu rubuta mintin da kowane mataki ya ci da yawan hannun da ya taɓa shi, a buga abin da muka samo a fitowar mujallar nan ta gaba.